Supa Strikas da Yaron Bencin Baya

Duk malamin firamare ya san yaron nan na bencin baya. Ka miƙa masa littafin karatu, sai ya yi tsuru-tsuru, layi guda ya gagare shi. Amma bari a fita tara, ka same shi a gindin darbejiya yana ba abokansa labarin wasan jiya a gidan kallo: wanda ya ba da ƙwallo, wanda ya yanke 'yan baya, minti nawa aka ci, da yadda alƙalin wasa ya danne fenariti. Bi da bi yake kawo shi, ba ya tsallake komai. Yaron da ya iya wannan ai ya iya harshe. Takarda ce ba ta taɓa zo masa da abin da ke ransa ba. Saboda irin wannan yaro nake ganin girman Supa Strikas.

Mujallar labarin zane ce da aka fara bugawa a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 2000, ta bazu zuwa ƙasashe da dama, daga baya aka mayar da ita katun na talabijin. Tauraronta Shakes ne, matashi mai lamba 10 a ƙungiyar masu jajayen kaya. A bugun Najeriya an raɗa masa suna Shegs Okoro, abin da ya sa yara suka ɗauke shi ɗan gida. Akwai kyaftin Dancing Rasta, da gola Big Bo, da El Matador mai ji da kai, sai abokin hamayya, Skarra na Invincible United, wanda maguɗi ba ya ba shi kunya.

Inda mujallar ta ciri tuta shi ne, ba ta ɗora wa yaro kaya biyu a lokaci guda. Mai koyon karatu da Turanci yakan yi fama da baƙin kalmomi, ga kuma baƙuwar duniyar da labarin ke ciki. Nan kuwa duniyar tasa ce. Ya san me ake nufi da a ci ka biyu kafin hutun rabin lokaci, ya san faɗan koci a ɗakin canza kaya. Saura kalmar kawai, ita ma ga hoto na riƙe da hannunta: gola ya yi tsalle, ƙwallo ta daki turke, maganar 'yar gajeruwa a kusa da bakin mai yin ta. Ko bai taɓa ganin kalmar ba, zai cinka, kuma galibi ya cinka daidai.

Na gwada da 'yan aji biyar. Nakan rufe maganganun da 'yar takarda, in ce kowa ya faɗi abin da yake jin Shakes ya ce, sannan mu buɗe mu gani. Wata rana a raba 'yan wasan, kowa ya karanta bakin nasa, ɗaya ya zama mai sharhi irin na rediyo. Wanda na fi so shi ne in tsayar da labarin a hutun rabin lokaci, in ce a rubuto yadda aka tashi. Yaran da insha'i kan "Makarantarmu" ba ya fitar musu da layi uku, sai ga su sun cika shafi, suna musu kan wanda ya kamata ya zura ta ƙarshe. Kurakuran nahawu fal, gaskiya ne, amma yanzu akwai abin gyarawa.

Ba a rasa nono a ruga, haka ma ba a rasa aibi a aiki. Jimlolin gajeru ne ainun, Turancin kuma na filin wasa ne, don haka ba za ta koya wa yaro doguwar magana mai sassa ba. Dole malami ya kai shi can da wani littafin. Tallan kamfanoni ya yi yawa a riguna da allunan fili. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata: filin na maza ne kusan zalla, kuma na ga ɗalibaina mata suna janye jiki idan ban jawo su da gangan ba.

Sai babbar magana. Kwafin da suka zo hannunmu duk da Turanci ne, alhali yaron aji biyu da harshen uwa ya fi saurin kama karatu. Labari kuwa ba mu rasa shi ba: ga Kano Pillars da cikar filin Sani Abacha ranar wasa, ga dambe da kiɗansa da kirarinsa, ga kokawar neman takobi da ke tsayar da Nijar cak kowace shekara, ga langa a dandali. Marubutanmu da masu zanenmu, don Allah ku zauna tare ku fitar mana da irin wannan da Hausa, ku sa 'yan mata a ciki. Kafin nan, malam, in tsohon kwafin Supa Strikas ya faɗo hannunka, kai shi aji.