Sharhi Kan Ra'ayin Carr Game da Karatu a Allo

A littafinsa The Shallows na 2010, Nicholas Carr ya yi iƙirarin cewa intanet na saba wa ƙwaƙwalwa da tsalle-tsalle, har mai karatu ya kasa jimirin bin dogon rubutu. Malamai da dama sun rungumi wannan ra'ayi, suna ɗora wa wayar hannu alhakin raunin ɗalibai. A ganinmu hukuncin ya yi faɗi, domin matasanmu na bin ƙagaggun labaran Hausa babi-babi a WhatsApp da Wattpad, wasu ma sun ninka Ruwan Bagaja tsawo.

Nazarin Pablo Delgado da abokan aikinsa na 2018, wanda ya tattara bincike 54, ya fi gamsarwa. Takarda ta fi allo wajen fahimtar rubutun bayani, musamman idan an ƙayyade lokaci, amma a labari zalla bambancin bai bayyana ba. Ke nan matsalar ta faɗo kan darasin auna fahimta, inda ake yawan wadatuwa da gajeren rubutu da 'yan tambayoyi. Muna ba da shawarar manhaja ta keɓe darasi guda kowane mako na karanta cikakkiyar maƙala a takarda, a ajiye waya, ɗalibi ya fayyace hujjar marubuci da bakinsa.