Sayar Da La'ada Tun Ba Ta Zo Hannu Ba: Ciniki Ne Ko Riba?

 

Ƴan'uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu duba wata hulɗar kuɗi da ta yaɗu tsakanin dillalan gidaje a Amurka da Kanada. Wasu daga cikin ƴaƴanmu da ke zaune can sun shiga sana'ar dillancin gidaje, tallar wannan hulɗa kuma tana iske su har cikin wayoyinsu. Sannan idan muka duba da kyau, za mu ga irinta ana yi a nan gida, sai dai mu babu takarda babu kamfani.

Yadda abin yake

Mafi yawan dillalan gidaje a Amurka ba su da albashi. Dillali yana aiki ne a ƙarƙashin wani babban dillali mai lasisin buɗe ofishi, mu kira shi uban ofishi, abincinsa kuma la'ada ce. An daɗe ana cire kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na kuɗin gida, a raba tsakanin ɓangaren mai sayarwa da na mai saye, kowane dillali kuma ya raba nasa da uban ofishinsa. Amma ko mai gida ya sallama, mai saye ya sa hannu, la'ada ba ta fita sai ranar rufe ciniki, wato ranar da kuɗi suka shiga aka miƙa makulli. Tsakanin sa hannu da wannan rana yawanci wata ɗaya ne zuwa biyu, ana duba lafiyar gini, ana ƙiyasta darajarsa, ana jiran banki. A cikin wannan jira ciniki yana iya watsewa.

Nan ne kamfanonin suka shigo. Sai su ce wa dillali: kawo takardar cinikin da ke hannunka, mu ba ka kuɗi yau ko gobe, ranar rufe ciniki a biya mu daga la'adarka. Uban ofishi yakan sa hannu cewa za a tura musu kasonsu kai tsaye. Su kuma suna cire ladansu, wanda ke ƙaruwa gwargwadon yawan kuɗin da yawan kwanakin da suka rage. Babbar maganar da suke nanatawa a tallarsu ita ce wai wannan ba bashi ba ne, sayen la'ada ne, don haka babu ruwa a ciki. Wannan magana ita muke so mu auna.

Ga misali, lambobin namu ne don lissafi ya fito fili. Dalar da muke nufi ta Amurka ce, kada a ɗauke ta dalarmu ta kasuwa. An sayar da gida dala 300,000, ɓangaren dillali kashi 3, wato 9,000. Bayan uban ofishi ya cire nasa, a ce dillali zai tashi da 6,000 nan da kwana 45. Kamfani ya “sayi” 4,000 daga ciki, ya ba shi 3,700 a hannu. Ranar rufe ciniki kamfani ya karɓi 4,000 cif. Wato 300 ya samu a kan 3,700 cikin kwana 45. Kashi 8 ne da ɗoriya, wanda in aka miƙe shi tsawon shekara ya haura kashi 65 cikin 100.

Abin da ya kamata a yarda da shi

Kafin suka, a yi adalci. Buƙatar gaskiya ce. Mutum ya yi wata uku yana yawo da masu saye a motarsa, yana zuba mai, yana biyan kuɗin talla da na lasisi, ga haya, ga iyali a gida suna jiran aike. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sana'ar ma ta ƙara tsanani: a watan Maris na 2024 babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, ta amince ta biya dala miliyan 418 don sasanta ƙararrakin da aka shigar a kan tsarin la'ada, daga watan Agusta na shekarar kuma ya zama tilas dillalin mai saye ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da shi kafin ya fara kai shi ganin gidaje.

Ita kuma la'ada halal ce. Imamul Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci a Kitabul Ijara, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Malamai da yawa sun sa ta a babin ji'ala, wato lada a kan kammala wani aiki, asalinta kuma yana cikin aya ta 72 ta Suratu Yusuf. To matsalar ba ta cikin sana'ar. Tana cikin abin da ake yi da la'adar kafin ta nuna.

In mun ɗauke shi ciniki

Bari mu bi kamfanin a kan maganarsa. Me ya saya? Dala 4,000 da za su zo nan gaba. Da me ya saya? Da dala 3,700 na hannu. Kuɗi ne da kuɗi, jinsi ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya, ɗaya kuma an jinkirta shi. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya shar'anta abu biyu a musayar zinari da zinari ko azurfa da azurfa: daidaito, da hannu da hannu. Majalisun fiƙihu na wannan zamani sun ba kuɗin takarda wannan hukunci. Nan kuwa an rasa sharaɗin duka biyu. Ribar fifiko da ribar jinkiri sun haɗu a ciniki guda.

Wani zai ce ai Malikiyya sun halatta sayar da bashi ga wanda ba shi ake bi ba. Haka ne, amma da sharuɗɗa. Daga ciki akwai cewa wanda ake bi ya kasance yana nan kuma ya yi iƙirarin bashin, a biya farashin nan take, kuma kada a sayar da bashin da jinsinsa tare da bambanci. Wanda ke bin dala 4,000 zai iya sayar da su a karɓi haja, misali mota ko kaya. Amma ya sayar da su da dala ƙasa da haka, wannan ƙofa a rufe take a mazhaba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan haka. A zamanta na 7 a Jidda, shekarar 1992, cikin ƙuduri mai lamba 64, ta ce rangwamen takardun bashi, wato a kai wa banki takardar da lokacinta bai yi ba ya biya ƙasa da ita, bai halatta ba don yana komawa ga ribar jinkiri. A zamanta na 11 a Manama ta Bahrain, shekarar 1998, cikin ƙuduri mai lamba 101, ta hana sayar da bashin da aka jinkirta ga wani na uku da kuɗin hannu. Akwai malamai a Malesiya da suka sassauta a wannan babi, amma jamhuru ba su bi su ba.

Akwai kuma wata matsala ta biyu. La'adar ba ta ma zama bashi tabbatacce ba tukuna. A ji'ala mai aiki ba ya cancantar lada sai aiki ya kammala. In banki ya hana mai saye kuɗi, ko aka gano ɓaraka a gini ya janye, babu la'ada sam. Wanda ya sayar da ita ya sayar da abin da zai iya samuwa, zai iya kuma rasuwa. Wannan shi ne garari. Don irin haka ne Malikiyya suka ce shar'anta biyan ladan ji'ala tun kafin aiki yana ɓata ƙullin, domin kuɗin suna lilo tsakanin zama lada in aiki ya yiwu da zama rance in bai yiwu ba.

In mun ɗauke shi rance

Hanya mafi sauƙi ta gane haƙiƙanin ƙullin ita ce a tambaya: in ciniki ya watse, asarar wa? Wanda ya sayi akuya ta mutu a gidansa, ai ba ya komawa wurin mai ita. Amma a galibin waɗannan yarjejeniyoyi, in cinikin ya rushe dillali ne zai maido da kuɗin, ko a ɗora su a kan la'adarsa ta gaba, sau da yawa har da ƙarin lada na kwanakin da suka ƙaru. To wane irin saye ne wannan, wanda riba ta mai saye ce, asara kuma ta mai sayarwa? Rance ne aka canza wa tuwo suna. Malamai kuwa ba su yi saɓani ba cewa ƙarin da aka shar'anta a kan rance riba ne. Ƙarin da ake yi don lokaci ya wuce kuma shi ne ainihin ribar jahiliyya, wadda ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279, suka sauka a kanta. Aya ta 280 ma umarni ta yi da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci.

Sauran hujjoji biyu

Na farko, wai ladan hidima ne. Majalisar da muka ambata, a zamanta na Amman a 1986, ta yarda a karɓi kuɗin hidimar rance, da sharaɗin kada su wuce abin da aka kashe na haƙiƙa. To mu tambaya: cika takardar dala 8,000 ya fi na 4,000 wahala ne? Takardar kwana 60 ta fi ta kwana 20 cin tawada? Ladan da ke hawa da yawan kuɗi da yawan kwanaki farashin lokaci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Na biyu, wai ai irin mas'alar nan ce ta rage bashi don a gaggauta biya. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Zaidu ɗan Sabit da Abdullahi ɗan Umar ba su yarda da ita ba, Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ma ta hana. An ruwaito halaccinta daga Ibn Abbas, ƙuduri na 64 kuma ya bi wannan ra'ayi, amma ya ɗaure shi da cewa abin ya tsaya tsakanin mai bi da wanda ake bi, ba tare da sharaɗi tun farko ba, kuma kada wani na uku ya shiga. Kamfanin nan kuwa shi ne na ukun.

Uban ofishi ma ya lura. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim bai tsaya kan mai cin riba ba, ya haɗa da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta. Sa hannun nan da ake ganin ƙaramin abu ne yana da nauyi.

Irinta a nan gida

Kada mu yi ta kallon Amurka mu manta da ƙofar gidanmu. Dillalin fili a Yamai ko Maraɗi ya haɗa ciniki, ana jiran takardu su fito, la'adarsa jika 100. Sallah ta matso. Sai ya je wurin wani mai hali, a ce masa: “Karɓi jika 80, in ta fito tawa ce.” Su rabu kowa yana ganin an taimaki juna. Wallahi hukuncin ɗaya ne da na kamfanin can, ko da a bakin masallaci aka ƙulla. Haka ma'aikacin da ke sayar da albashin ƙarshen wata da ragi tun ranar 15.

Ina mafita?

Hanyoyin halal suna nan. Uban ofishi ko wani ɗan'uwa ya ranta wa dillali 3,700, ya karɓi 3,700 ranar da la'ada ta fito, a rubuta kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar. Idan la'adar ta tabbata, dillali yana iya tura mai binsa ya karɓa daga wanda zai biya ta, wannan hawala ce, halal ce matuƙar adadin bai canza ba. In buƙatar ta kaya ce, kamar mota ko kayan ofishi, a saya a sayar masa da ajali a kan farashi sananne da ba ya ƙaruwa in ya makara. Wani aikin kuma, kamar ɗaukar hoton gida da tallata shi, ana iya ware shi a yi ijara a kansa da lada sananne a biya nan take. Dillalai su yi adashe a tsakaninsu, kowa kuma ya riƙa ajiye wani abu daga la'adar da ta fito don watannin da babu ciniki.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin yana biya cikin kwana ɗaya ko biyu, ba gori ba tonon asiri. Mu kuwa ɗan'uwa zai zagaya gida biyar neman rance, ya dawo hannu wofi, gari kuma ya ji labarinsa. Ƙungiyoyin masallatanmu, na gida da na ƙetare, mun iya tara kuɗin gini da na kafet da na lasifika. Nawa ne cikinmu ke da asusun rance marar ƙari, da littafi, da mutum biyu amintattu masu riƙe sirri? In muka ce wa dillali haramun ne muka juya baya, mun faɗi rabin abin da ke kanmu ne kawai. Muna kira ga kwamitin kowane masallaci da wannan takarda ke isa gare shi ya sa maganar asusun nan a zamansa na gaba, ko da da jika 5 na kowane mamba za a fara.

Wanda kuma ya riga ya shiga irin wannan yarjejeniya, ya nemi hanyar biya da wuri don ƙarin ya tsaya, ya tuba, kada ya sabunta. Wanda aka kawo masa takarda sabuwa, ya karanta wurin da ke maganar abin da zai faru in ciniki ya watse, ya kai wa malamin da ya san mu'amala kafin ya sa hannu.

Allah ne mafi sani. Allah ya wadata mu da halal ɗinsa, ya tsare mu daga haram. Amin.