Masu Ƙoƙon Bara A Idon Marubuci: Sharhi Kan Littafin Aminata Sow Fall

Gabatarwa

'Yan uwa marubuta, idan muka duba ƙagaggun labaran da muke rubutawa, da wuya a rasa mabaraci ko mai kwanan kasuwa a ciki, amma kuma da wuya a ji sunansa. Yakan ɓullo ne a bakin danja ko a ƙofar masallaci, tauraruwa ta sauke gilashin mota ta miƙa masa sadaka domin mai karatu ya san tana da tausayi, shi ke nan aikinsa ya ƙare. Ba a faɗa mana inda ya kwana ba, balle abin da ya raba shi da gida. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi nazarin wani littafi da ya bi wata hanya dabam, wato La Grève des bàttu na Aminata Sow Fall, malamar makaranta 'yar ƙasar Senigal, wanda ya fito da Faransanci a 1979. Ma'anar sunan ita ce yajin aikin masu ƙoƙon bara, domin bàttu a harshen Wolof ƙoƙo ne. Littafin ya ci babbar kyautar adabi ta baƙar fatar Afirka a 1980, an fassara shi zuwa Ingilishi a 1981, an kuma yi fim ɗinsa a 2000.

Labarin A Taƙaice

Hukuma ta ga mabarata suna korar baƙi masu yawon buɗe ido, sai ta ɗora wa Mour Ndiaye aikin share su daga birni. Shi kuma ya miƙa wa mataimakinsa Keba Dabo, aka shiga kame da duka har wasu suka rasa rayukansu. Da tura ta kai bango, sai mabaratan suka tattara a gidan Salla Niang can bayan gari, suka ce sun daina fita. Ana nan sai Mour ya ɗora ido a kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Wani malami ya ce masa ya yanka sa, ya kasa naman kashi 77, ya raba wa mabarata a wuraren da suka saba zama a kusurwoyi huɗu na birnin. To, ina mabaratan? Ya bi su har gida yana lallashi, ya ba su kuɗi, suka karɓa suka ƙi fita. Kujerar ta faɗa hannun wani.

Jigo Da Taurari

Jigon littafin shi ne mai bayarwa ma mabuƙaci ne. Makaho Nguirane Sarr shi ya fara ganar da 'yan uwansa cewa masu ba su sadaka ba don su suke yi ba, don biyan buƙatar kansu ne: neman lafiya, neman muƙami, tsoron mugun mafarki. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin mun san yadda ake neman almajiri ruwa a jallo ranar da malam ya ce a yi sadakar waina ko farin goro.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda marubuciyar ta san mutanen nan. Kowa da sunansa da halinsa. Nguirane mai son tsafta ne da ado, ba ya yarda a gan shi a wulaƙance. Gorgui Diop da barkwanci yake samun abincinsa. Salla Niang kuwa aikatau ta yi a gidajen manya kafin ta shiga bara da tagwayenta, saboda haka ta san sirrin masu kuɗi, ba ta jin tsoron idonsu. A tsakar gidanta ake zuba adashi kullum, ana lissafi, ana gardama, ana tallafa wa wanda ya shiga matsala. Wanda bai taɓa lura da waɗannan bayin Allah da kyau ba, ba zai kawo adashi a labarinsu ba, domin a zatonsa wanda ba shi da ɗaki ba shi da tsari.

Har ila yau, ba ta mayar da Keba Dabo dodo ba. Cikin talauci ya tashi, a hannun uwa wadda ta ƙi miƙa hannu ga kowa, shi ya sa yake ganin bara zubar da mutunci ne. Mai karatu zai ƙi aikinsa, amma zai fahimci dalilinsa.

Inda Aka Gaza

Duk da haka, littafin bai rasa rauni ba. Kaso mafi tsoka ya tafi ne ga gidan Mour, da rikicin uwargidansa Lolli da amaryarsa Sine, da zaryarsa wurin malamai. Mabaratan mun fi ganinsu a taro suna shawara. Ba a zaunar da mu da mutum guda ba tun daga asuba har dare, mu ga inda yake wanka, da inda yake ɓoye 'yan kuɗinsa, da yadda yake yi da zazzaɓi ko ruwan sama. Bugu da ƙari, nasarar yajin ta zo da sauƙi, domin jama'a sun riƙa bin su da sadaka har gida. A zahiri, wanda bai ci na jiya ba, da wuya ya iya yajin mako guda.

Kammalawa

Wannan giɓi shi ne aikin da ke jiranmu. A 2020 gwamnatin Kano ta sanar da hana bara a tituna, kuma a shekarar ce, lokacin annobar korona, jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Labarai nawa muka rubuta daga bakin yaron da ke cikin motar?

Shawararmu ga masu tasowa ita ce, kafin a sa mai kwanan tasha a littafi, a fara saninsa. A gaishe shi, a tambayi sunansa, a koma gobe da jibi ba da biro a hannu ba, domin zumunci a ƙafa yake. A saurara fiye da yadda ake tambaya. Idan ya ba da labarinsa, a nemi izininsa, a sakaya sunansa, kada kuma a yanke hulɗa ranar da littafi ya fito, don in an yi haka an zama Mour Ndiaye ke nan, wanda bai tuna da mabarata ba sai da buƙatarsa ta taso. Allah ya sa alƙalumanmu su zama masu adalci, amin.