Ƙafar Ƙarfe da Fiffiken Fata: Abin da Ya Riƙe 'Yan Kallon How to Train Your Dragon

Ba don kaina na fara kallon How to Train Your Dragon ba. Wata ranar Asabar aka bar mini ƙannena biyu, na kunna musu shi a kwamfuta don su ba ni lafiya in yi karatuna. Kafin a yi rabin sa'a na rufe littafin da ke hannuna. Can wajen ƙarshe mahaifinmu ya leƙo yana neman wani abu, ya tsaya a bakin ƙofa, bai tafi ba sai da aka gama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙafar yaron ta tafi ke nan?" Ƙannena ba sa kama Turancin da ake yi a ciki sosai, balle na manyan taurarin da ke magana da karin harshen Sikotlan, shi kuma Baba bai ɗauki katun a bakin komai ba. Duk da haka fim ɗaya ya tsayar da mu mu huɗu. Dalilin hakan nake son bin diddiginsa a wannan muƙala.

Kamfanin DreamWorks na Amurka ne ya fitar da fim ɗin a shekarar 2010, ƙarƙashin jagorancin Chris Sanders da Dean DeBlois, waɗanda suka yi Lilo & Stitch a 2002. Tushensa littafin yara ne mai wannan suna, wanda marubuciyar Birtaniya Cressida Cowell ta wallafa a 2003, na farko a jerin littattafai 12. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 500 a duniya, ya shiga takarar kyautar Oscar a rukuni biyu, na fim ɗin zane da na kiɗa, aka yi masa ci gaba a 2014 da 2019, sannan a 2025 DeBlois ya sake shirya shi da 'yan wasa na zahiri. Karɓuwarsa ba abin musu ba ce. Ra'ayina shi ne ta samo asali daga wuraren da fim ɗin ya saɓa wa littafin, domin a nan ne ya sa wa labarin nauyin da babba zai ji a ƙirjinsa ba tare da ya kori yaro ba.

Wanda ya karanta littafin zai yi mamakin yadda aka juya shi. A wurin Cowell, mutanen Viking na tsibirin Berk sun daɗe suna kiwon dodanni, kowane yaro sai ya kamo ɗan dodo ya horar da shi kafin a ƙidaya shi cikin ƙabila, in ya kasa a kore shi. Dodon da ya faɗo wa Hiccup, ɗan sarki, ƙanƙane ne, malalaci, mai taurin kai da son kai, kuma ba shi da haƙora, abin da ya jawo masa sunan Toothless. Ƙarfin Hiccup a littafin harshe ne: yana jin yaren dodanni alhali sauran ba su san komai ba sai tsawa. Labari ne na barkwanci, cike da zane-zanen marubuciyar masu kama da na ɗan firamare. Fim ɗin ya kawar da wannan duka. Ya mai da dodanni abokan gaba da ke kai hari da dare tun kaka da kakanni, suna kwashe tumaki suna ƙone gidaje. Ya mai da Toothless baƙin dodo mafi haɗari, wanda ba wanda ya taɓa ganinsa ya ba da labari. Ya ƙwace wa Hiccup yaren dodanni. A littafi, abin da yaron zai rasa in ya gaza shi ne matsayinsa. A fim, abin da zai rasa in ya yi nasara shi ne ubansa, domin abokin da ya yi shi ne ainihin abin da uban ya sha alwashin gani bayansa.

Masu shirya fina-finan iyali suna fama da matsala guda tun fil azal: yaro ne ke son kallo, babba ne ke biyan kuɗi, kuma dole a riƙe su duka. Hanyar da aka fi bi ita ce raba abinci gida biyu. Shrek na 2001, wanda shi ma DreamWorks ta ɗauko daga ɗan littafin hotuna na William Steig na 1990, misali ne mai kyau. Yaro na dariyar jaki mai surutu da tusa da faɗuwa, babba na dariyar habaici da gugar zana da ake yi wa tatsuniyoyin Disney, maganar da ke wucewa ta saman kan yaron. Suna zaune a kujera ɗaya amma kowa da fim ɗin da yake kallo. How to Train Your Dragon ya zuba musu a kwano ɗaya. Fage guda yake ba su, kowa ya ɗebi gwargwadon shekarunsa.

A duba fagen wuƙa. Hiccup, wanda yake ɗan koyo a maƙerar Gobber, ya ƙera na'urar harba igiya, ya kakkaɓo dodon da dare, washegari ya same shi ɗaure a daji. Ya zare wuƙa, ya ɗaga, dodon ya dube shi sannan ya rufe ido ya kwantar da kai. Duk mai sauraron labaran gargajiya ya san abin da ya kamata ya biyo baya. Mu nan mun tashi da labarin Bayajidda, baƙon da ya sare macijin rijiyar Kusugu ya auri Daurama, kuma Turawa suna da irin nasu jarumai masu kashe dodo. A irin wannan zubi, kan dodo shi ne sadakin sarauta. Hiccup yana buƙatar wannan kai fiye da kowa, tunda garin duka na kallonsa a matsayin abin kunya. Sai ya sa wuƙar ya yanke igiyoyin. Yaro na kallon wurin yana fargabar kada a kashe dabbar. Babba yana ganin wani abu daban: matashi ya yar da damar da ya daɗe yana nema, ya kuma ɗauki sirrin da zai iya raba shi da gidansu. Dukansu sun ɗauke numfashi a lokaci guda.

Cire yaren dodanni da aka yi, wanda a ido yake kamar asara, shi ne ya buɗe wa fim ɗin ƙofar kowane gida. Tunda yaro da dodo ba za su iya magana ba, dole aka gina amincinsu da abin da ido zai gani. Akwai wani dogon fage a cikin kwarin da dodon ya maƙale, inda kusan babu kalma sai kiɗan John Powell. Hiccup ya yar da wuƙarsa a ruwa. Ya miƙa kifi, dodon ya haɗiye, ya amayo rabi ya ba shi, ya zauna yana jira sai ya ci. Yaron ya yi zane a ƙasa da tsinke, dodon ya ciro reshe ya yi nasa, ya riƙa gurnani duk lokacin da aka taka masa layi. A ƙarshe Hiccup ya kau da kai, ya rufe ido, ya miƙa tafin hannu, ya bar wa dodon zaɓi. Babu buƙatar tafinta a nan. Duk yaron da ya taɓa lallaɓar kyanwa ko ɗan akuya mai tsoro ya san wannan haƙuri, kuma masu zanen sun ba dodon motsin kyanwa da na kare don a gane shi nan take. Ƙannena ba su tambaye ni me aka ce ba, domin ba a ce komai ba.

Abin da ya fi wuya shi ne uban. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan fim ya kifar da karin maganar kai tsaye: yaron ne ya hango, a bayan dodo ma kuwa, garin duka kuma ya yi kuskure. Iyaye da yawa suna ƙin irin wannan labari, kuma suna da hujja, domin katun da dama sukan mai da uba wawa ko azzalumi don a ɗaga ɗa. Stoick bai zama ko ɗaya ba. An nuna mana gidajen da ke ci da wuta da mutanen da ya wajaba ya ciyar kafin hunturu, saboda haka ƙiyayyarsa ga dodanni tana da tushe. Yana son ɗansa, sai dai bai san ta inda zai kama shi ba. Fagen kwalkwali ya fi ko'ina nuna haka. Stoick ya dawo daga yaƙi ya ji ɗansa ya zama gwani a fagen horo, bai san cewa dabarun lallashi ne da ya koya wurin Toothless ba. Ya shigo masa cike da murna cewa yanzu sun sami abin hira, ya ja kujera ya zauna, sai shiru ya biyo baya. Don ya cike shirun ya ba shi kwalkwali da aka ƙera daga sulken mahaifiyarsa, wanda ɗaya rabin yake kan uban. Ƙannena sun yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban iya ba, domin na san wannan shiru, kuma ina jin duk wanda ya taɓa zama gaban mahaifinsa yana karɓar yabo a kan abin da ba shi ne shi ba ya san shi. Daga baya, bayan ya yi fushi ya sallama ɗan, Stoick ne ya faɗa cikin teku ya tsamo yaron, ya koma ya ɓalle sarƙar dodon, ya nemi gafara tun kafin a san yadda yaƙin zai ƙare. Uba mai kallo zai iya karɓar kuskuren Stoick domin an bar masa mutuncinsa.

Sai kuma ƙafar da Baba ya yi tambaya a kai. Harbin Hiccup ne ya tsinke fiffiken hagu na wutsiyar Toothless, shi ya sa ya kasa tashi. Yaron ya ƙera masa wani na fata da ƙarfe, ya haɗa shi da likkafar da yake sarrafawa da ƙafa, ta yadda dodon ba ya tashi sai da mahayi. Wannan aminci yana da tabo a gindinsa, domin mai jinyar shi ne ya yi raunin. Bayan yaƙin ƙarshe Hiccup ya farka a gadonsa, ya yaye mayafi, ya dubi ƙasa, sai muka ga ƙafarsa ta hagu ta zama ƙarfe. Ya yunƙura ya yi tuntuɓe, dodon ya tare shi da kai, suka nufi ƙofa tare, gurgu na dafe da gurgu. Wannan ba ya cikin littafin 2003. An saba a fina-finan yara jarumi ya faɗo daga sama ya karkaɗe ƙura ya tashi, kuma yaro kan gane da wuri cewa haɗarin wasa ne. A nan an gaya masa cewa abin da ya faru ya faru, kuma rayuwa ta ci gaba da shi. An ma shirya zuciyarsa tun farko ta hanyar Gobber, maƙerin da ya rasa hannu da ƙafa amma shi ne mafi raha a garin. Girmama hankalin yaro irin wannan shi ne ke sa babba ya daina jin cewa rakiya ya yi.

Duk da haka fim ɗin bai kuɓuta daga aibu ba, kuma babban aibinsa yana cikin warwarar ƙullinsa. Bayan ya shafe lokaci mai tsawo yana koya mana cewa abokin gaba ma yana jin tsoro, sai ya fito da wani ƙaton dodo a cikin dutse, wanda shi ke tilasta wa sauran su sato masa abinci. Wannan ba a nemi fahimtarsa ba, ba a miƙa masa hannu ba, an kashe shi an yi murna. Wato zubin Bayajidda da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. Gabar ƙarni da ƙarni ta zama laifin mugu guda, da ya mutu kowa ya wanku. Rikicin mutane ba ya ƙarewa haka, kuma fim ɗin da ya iya nuna ƙafar ƙarfe zai iya nuna sulhu mai wuya. Zaman lafiyar da aka samu ma bai daidaita ba, domin dodanni sun koma abin hawa da dabbobin gida, mutane kuma ba su bar komai nasu ba sai ƙiyayya. Astrid, wadda babu ita a littafin farko, ta fara a matsayin wadda ta fi kowa ƙwazo, amma tashi ɗaya a sararin sama ya sauya mata ra'ayi, ta koma mai ƙarfafa gwiwar jarumi. An kuma rasa wani abu mai daraja na Cowell, wato jarumin da makaminsa harshe ne da saurare, da dodon da ba shi da wani abin burgewa amma aka so shi a haka. Son Toothless na fim ba shi da wuya, tunda shi ne mafi sauri da ƙarfi a cikin dodanni.

Na yarda cewa wani ɓangare na farin jinin fim ɗin daga waɗannan sassauci ya fito. 'Yan kallo suna son babban yaƙi a ƙarshe, suna son mugun da za su ƙi ba tare da damuwa ba, kamfanin kuma ya san haka. Amma fina-finai masu babban yaƙi suna da yawa, kuma galibinsu an manta da su. Abin da mutane suke tunawa a wannan shi ne hannun da aka miƙa ido a rufe, da shirun uba da ɗa, da mayafin da aka yaye. Duka ukun babu su a littafin, kuma duka ukun wurare ne da masu shiryawa suka amince cewa yaro zai iya ɗaukar abu mai nauyi in an ba shi a hankali. Darasin da ke nan ga mai son mai da littafin yara fim shi ne cewa amana ga littafi ba ta tsaya ga bin shafukansa ɗaya bayan ɗaya ba. Sanders da DeBlois sun riƙe ƙashin bayan labarin Cowell, wato ɗan sarkin da bai dace da garinsu ba, suka tambayi me zai rasa, suka bar shi ya rasa shi.

Da na amsa wa Baba cewa e, ƙafar ta tafi, sai ya gyaɗa kai ya fita. Ƙaramin ƙanena kuwa ya ce in mayar masa baya zuwa wurin kifin.