Sahun Baya: Inda Ake Rainon Mawaƙin Ƙawwali

Mawaƙan ƙawwali, waƙar begen sufaye ta Indiya da Pakistan, a ƙasa suke zama, sahu biyu. A gaba akwai jagora da mataimakansa da masu harmoniyam, ɗan akwatin nan da ake latsawa da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma yana hura masa iska. A baya akwai mai ganga, wato tabla, da 'yan amshi, suna tafi ba ƙaƙƙautawa. Idon kowa yana kan jagora, amma ni sahun bayan ne ya fi burge ni, domin nan ce makarantar. Nan ɗan gidan mawaƙa yake zama shekara da shekaru, yana tafi, yana amshi, dubban baitoci na Farisanci da Urdu da Fanjabi suna shiga kansa tun bai san ma'anarsu ba.

Asalin wannan fasaha ana danganta shi ga Amir Khusrau, almajirin Shehu Nizamuddin Auliya na ɗariƙar Cishtiyya, wanda ya rasu a Delhi a 1325. Har yau ana ƙawwali a hubbaren Shehun, musamman daren Juma'a. Wanda ya taɓa halartar zaman bandiri na 'yan Ƙadiriyya a Kano ba zai ji baƙunta sosai ba: zikiri ne da bege, kiɗa yana ɗauke da su.

Gidan da duniya ta fi sani shi ne na Nusrat Fateh Ali Khan, zuriyar da ake cewa ta yi wajen shekara 600 tana wannan sana'a. Daga Jalandhar suka yi ƙaura zuwa Pakistan lokacin rabuwar ƙasar da Indiya a 1947, aka haifi Nusrat a 1948 a garin da yanzu ake kira Faisalabad. Mahaifinsa, Fateh Ali Khan, bai so ya gaje shi ba, ya fi son ya zama likita ko injiniya, saboda ba a ganin mawaƙi da daraja. Yaron dai ya nace. Da uban ya rasu a 1964, a sadakar arba'in ɗinsa Nusrat ya fara waƙa a bainar jama'a, 'yan'uwan mahaifinsa, Mubarak Ali Khan da Salamat Ali Khan, suka ƙarasa masa horo. A 1971 ya karɓi jagoranci, ƙanensa Farrukh yana gefensa da harmoniyam. Ɗan Farrukh ɗin, Rahat, shi ma a gaban baffansa ya taso, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar Nusrat a Landan a 1997.

To, me ake gada? Murya dai baiwa ce, ba a raba ta kamar gona. Abin da ake gada shi ne sanin zama. Bisa al'ada ana farawa da yabon Allah, sai yabon Annabi (SAW), sai na waliyyai, sannan waƙoƙin shauƙi. Amma a cikin kowace waƙa jagora yana da 'yanci mai faɗi. Yana tsakiyar baiti sai ya dakata, ya ɗauko wani baiti daga wata ƙasida dabam, wani lokaci ma da wani harshe dabam, ya ƙulla shi a wurin don ya haska ma'anar na farko, sannan ya dawo kan amshi daidai kan bugun tabla. Wannan ƙullin shi suke kira girah. Ba a shirya shi daga gida. Fuskokin jama'a yake karantawa, ya ga wane baiti ne ya taɓa su, ya zaɓo abokinsa daga abin da ya haddace tun yana sahun baya. Shi ya sa waƙa ɗaya takan kai rabin awa, kuma ba a rera ta iri ɗaya sau biyu.

Inda gwanintar take kai maƙura shi ne idan jazaba ta kama wani. Dattijo ya miƙe yana kuka, yana juyi. A nan ladabin zama ya wajabta wa mawaƙi ya tsaya kan baitin da ya tayar da mutumin, ya yi ta maimaita shi, 'yan amshi suna riƙe da tafi, jama'a ma su miƙe don girmama halin da yake ciki. Ba zai wuce gaba ba, ko da muryarsa ta fara dashewa, sai mutumin ya natsu ya zauna.