Jinjina ga Masu Naɗin Waya

Allah ya yi wa masu naɗin waya na Kafanchan albarka. Fanka ko injin ban ruwa ya ƙone, su kwance, su ƙirga zagaye, su sake naɗawa, kuma sun san duk naɗin da ya ɗau zafi wuta yake ci a banza.

Haƙurin nan ne da masu rediyon sha'awa a duniya. Tun 2007 aka ware musu zangon kilohaz 136, mai tsawon mita 2,200. Eriyar gida ta yi masa kaɗan, sai a cike giɓin da ƙaton naɗi. Kullum suna auna wutar da ke ratsa shi, domin in ta ninka biyu, zafin kan ninka huɗu. Shi ya sa suke neman wayar litz, siraran zaren jan ƙarfe, kowanne da rufinsa.