Yadda Dariya Ta Sauya Hannu a Adabin Kanada

Duk wanda ya yi nazarin adabin Kanada ya san cewa shaihin marubutan raha a can shi ne Stephen Leacock, malamin ilmin tattalin arziki a Jami'ar McGill, wanda a shekarar 1912 ya wallafa Sunshine Sketches of a Little Town, inda ya ɗauki garin Orillia na lardin Ontario, ya laƙaba masa suna Mariposa, ya yi ta zolayar wanzamin garin da mai otal da limamin coci, zolaya mai taushi wadda ba ta barin tabo. Tun 1947 ake ba da lambar yabo ta raha da sunansa, kuma ya cancanta. Sai dai raharsa ta ƙosasshe ce, wanda ba a taɓa raba shi da harshen uwarsa ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda alƙalamin ya koma hannun 'yan asalin ƙasar, waɗanda hukuma ta kwashe 'ya'yansu kimanin 150,000 zuwa makarantun kwana domin a shafe musu harshe da al'ada. Tomson Highway, ɗan ƙabilar Cree, wanda shi kansa ya ɗanɗani wannan azaba, ya rubuta wasan kwaikwayo The Rez Sisters a 1986: mata bakwai, matalauta, masu tsiwa da gori, sun ɗaura niyyar zuwa Toronto cacar bingo, alhali kuwa ɗayarsu ciwon daji na cinta, ga kuma Nanabush, wanda matsayinsa a hikayoyinsu kamar na Gizo ne a tatsuniyoyinmu, yana biye da su cikin siffar tsuntsu.

Akwai masu cewa bai dace a yi barkwanci a kan musiba irin wannan ba. Ni dai ban yarda ba, domin wanda aka zalunta shi ke da haƙƙin zaɓen muryar da zai ba da labarinsa, kuma Nanabush na daga cikin gādon da makarantun nan suka so binnewa. Fito da shi a dandamali hujja ce cewa maƙasudinsu bai cika ba. Drew Hayden Taylor, ɗan ƙabilar Ojibwe, ma ya ƙara gaba, don a littafinsa Motorcycles & Sweetgrass na 2010 kan babur ya ɗora Nanabush, ya shigo da shi gari yana neman soyayyar shugabar al'umma.